Ɗan Farin da Ba a Ƙidaya Ba

A bazarar 1950, da sanƙarau ya yi wa ƙasar Gumel kaca-kaca, babu wanda ya sha rana kamar Malam Barau, malamin asibiti. Daga Gagarawa zuwa Maigatari a kan keke yake bin gida-gida yana rubuta waɗanda ciwon ya kashe. Aikin na wata jami'ar Ingila ne da ta haɗa kai da likitocin Faransa na Damagaram, kuma baturen likitan da ke shugabanta ya ce wanda ya fi ƙwazo za a tura shi waje ya koyo binciken cututtuka. Gurbi ɗaya tak, Barau kuwa ya sa rai ba kaɗan ba.

Shi Barau ɗan gari ne. Ya san mace ba ta ambaton ɗanta na fari, yana raye ko ya mutu, balle a gaban baƙon namiji. Saboda haka ba ya tsayawa kan uwa, sai ya nemi goggon yaro ko kakarsa su faɗa masa gaskiya.

To, bature dai sai ya gani da idonsa. Ya ɗauki Hudu, mai yi masa tafinta, suka sake bin gidajen Ɗanzomo da Sule Tankarkar, ya ce shi daga bakin uwa kawai yake so. Matan suka yi ta sunkuyar da kai suna cewa babu. Hudu ya san dalili sarai, wallahi ya sani, amma shi ma yana son gurbin nan, sai ya riƙa juya abin da aka faɗa kawai. Lissafin Barau ya zarce na bature da yara arba'in da ɗaya.

Barau ya yi bayanin kunyar ɗan fari har bakinsa ya gaji. Likita ya buɗe littafi, ya ɗora yatsa kan wani layi, yaro ɗan shekara bakwai a wani gida cikin Gumel, ya ce su je can a raba gardama. Gidan Barau ne, amma Barau ya bi su kamar gidan wani za a je.

Aka kira matarsa Kyauta zaure. Hudu ya tambaye ta ko an yi mata rasuwar ɗa bana. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Babu," in ji ta.

Likita ya juyo ya tambayi Barau ɗan wane ne wannan da ya rubuta. Kalma biyu ce za ta fisshe shi. Amma shi ma tun ran suna bai taɓa kiran sunan ɗan farin nasa ba, ko a makabarta bai yi kuka a gaban mutane ba.

"Wani yaro ne na gidan nan," ya ce.

Likita ya ja layi ya soke. Kafin damina ta faɗi Hudu ya hau jirgi.

Bayan shekara uku Hudu ya aiko da rahoton binciken, an buga shi tsaf, da sunansa ƙarƙashin na likita. Barau ya zauna a dakalin asibiti yana bin Turancin a hankali da yatsa, takaici na cin sa. A shafi na tara masanan suka bayyana abin mamakin da suka gano, wai a ƙasar Gumel sanƙarau bai cika kama ɗan fari ba.

Ya rufe takardar ya tafi gida. Kyauta ta tambaye shi me aka rubuta a ciki.

"Sun ce bai mutu ba," in ji Barau.