Ƙamshin Kwat ɗin Madam Widad

Shekara huɗu Awadiyya tana tasowa daga unguwar Arba wa Nus zuwa unguwar Dokki tana yi wa Madam Widad aikin gida, amma sai a Afrilun 2013 tsohuwar ta yarda ta taɓa mata kwat ɗinta na gashin dabba. Shi ma don hannuwan Madam sun fara rawar tsufa ne.

Daga kan kujera ta riƙa faɗa mata yadda ake yi: ba ruwa, ba rana. A ɗumama dusar alkama, a murza cikin gashin da tafin hannu ta tsotse maiƙo, a kakkaɓe, a rataye a inuwa. Ta ce marigayi mijinta, Dokta Munzir, shi ya sayo mata shi shekarar aurensu. Tana cikin labarin barci ya sace ta.

Awadiyya ta yi duk yadda aka ce, gashin ya kwanta luf yana sheƙi. Sai dai da ta kai hanci, warin tsohuwar taba ya buge ta. A gidansu tufar da ake ƙauna ba a mayar da ita ma'aji da wari. Ta ciro turaren wutan da ta haɗa da hannunta don bikin ƙanwarta, ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren, ta kifa kwandon wanki a madadin kabbasa, ta lulluɓa kwat ɗin a kai, zuciyarta fal murna.

Da Madam ta farka ta karɓa, ta cusa fuska a wuyan kwat ɗin. Ta daɗe a haka. Ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi.

"Ina Munzir, 'yata?" ta ce a hankali. "Nan kaɗai ya rage mini."

Ashe warin tabar lofensa ne. Shekara tara shi take buɗe kabad ta shaƙa. Nan take Awadiyya ta gane ɓarnar da ta yi, don ita ma tana da mayafin mahaifiyarta da ta taho da shi daga garinsu Gadarif, wanda ruwa bai taɓa gani ba.

Ta durƙusa ta shiga laluben cikin kwat ɗin. Ɗazu ta ji wani ƙaramin aljihu mai maɓalli, ta bar shi a rufe. Ta ɓalle shi, sai ga hankicin namiji a ninke, hayaƙi bai kai gare shi ba.

Madam ta kai shi hanci, ta lumshe ido, kafaɗunta suka sauka. Ta soma warware ninkin, Awadiyya ta riƙe mata yatsu.

"Kar ki buɗe, Mama, iska za ta kwashe. Ƙamshi a kwalba ake tsare shi."

Ta nufi kicin neman kwalba mai murfi, wadda ba a taɓa zuba komai a ciki ba.