Rigar Gwaggo Unaisi da Ƙoƙo Biyu

Gwaggo Unaisi ba ta taɓa ba telan ƙauye yadinta ba. Komai nata birnin Suva take aikawa, ko da jirgin ruwa zai daɗe bai leƙo tsibirinsu na Kadavu ba. To, wannan karon jirgin ya lalace, ga buɗe sabon coci ranar Lahadi, kowa a dangi ya ɗinka ankonsa shuɗi mai farar fulawa. Dole ce ta sa ta dire wa Vasiti yadin, 'yar ƙanenta marigayi Peniasi, mai ɗinki a ƙauyen. Ta ce tana son gindin rigar ya fito da lanƙwasa a jere kamar rabin wata, irin na matan birni, kuma yadin ke nan, babu ragowa.

Vasiti ta ce to. Gwaggo irin matan nan ce da ke hango karkataccen ɗinki tun daga kujerarta ta bayan coci.

Yadda matan ƙauyen ke yi Vasiti ta yi. Ta ɗauko ƙoƙon kwakwa na shan yangona, jiƙon saiwar nan da maza ba sa taro sai da shi, ta kifa shi a bakin yadin tana zagaya rabinsa da alli. Ta zana gaba, ta hau keken ɗinki ta bi allin a hankali, tana ɗaga ƙafar keken a kowace kusurwa tana juya yadin. Tana cikin haka baƙi suka iso daga tsallake, mijinta Taniela ya faɗo ɗaki ya kwashe ƙoƙunan gidan kaf ya yi zauren taro da su. Wa zai kutsa tsakiyar maza ana tafi ana miƙa wa baƙo ƙoƙo, ya ce a ba shi abin awonsa? Sai ta jira. Da aka tashi Taniela ya miƙo mata ɗaya ta taga, ido a lumshe. Rana ta yi nisa, ta zana baya cikin sauri ta ɗinke.

Sai da ta rage bakin da almakashi, ta tsattsaga kusurwoyin, ta juya rigar ta goge, sannan ta ga ta'asa. Lanƙwashe-lanƙwashen gaba ƙanana tsaf, na baya kuwa manya, ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne.

"Baban Losana, wane ƙoƙo ka ba ni?"

"Ƙoƙo dai. Ba duk kwakwa ba ce?"

Ta so ta kwaɗa masa shi. Gyara ɗaya ne, a yanke gindin a sake, in kuwa aka yanke, ƙwaurin Gwaggo zai fito a gaban fasto. Gara a ce rigar ta ƙone. Vasiti ta zauna gaban keken kamar ta yi kuka, don ta daɗe tana son matar nan ta yaba mata ko sau ɗaya.

Washegari Gwaggo ta zo. Ta ɗaga rigar ta dubi gaba, ta juya ta dubi baya, ta taɓe baki. Vasiti ta faɗa mata yadda aka yi, ba ta rage komai ba. Gwaggo ta ce a kawo mata ƙoƙon da ya yi wannan aika-aika.

Baƙi ne wuluk don tsufa, gefensa ya ɗan ɓalle. Ta jujjuya shi a hannu, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Ke 'yar nan, ai na ubanki ne. Kina goye ya rasu, ina za ki sani? Shi ya kankare shi, ya zaɓi kwakwar da ta fi kowace girma don kada a cuce shi a rabo. Makwaɗaici kawai. Yana kabari ma sai da ya sa hannu a rigata."

Dariyar ba ta ƙare ba hawaye suka zubo mata, ta share su da gefen mayafi. Vasiti ta ce bari ta gwada rage na bayan. Gwaggo ta buge mata hannu.

Ranar Lahadi matar da kullum a baya take zama ta taka a hankali har kujerar gaba, don kowa ya ga bayan rigar. Duk wadda ta tambaya sai ta ce gaba aikin 'yar ne, baya na uban.

Da aka tashi ta damƙa wa Vasiti ƙoƙon, wanda ta ƙi mayar wa zauren taro.

"Riƙe. Rigata ta Kirsimeti da shi za ki auna, gaba da baya."