Cokulan da Gwaggo ta Dafa

Tana cikin juye shinkafa a kula ta ji Gwaggo daga bayan kicin, da muryar nan tata ta wadda ba ta taɓa yin laifi ba. "'Yar nan, zo ki ga abin mamaki."

Mai Girki ta fito da ludayi a hannu. Abin mamakin yana cikin babbar tukunya, yana tururi. Cokula ɗari da ashirin, sababbi fil, duk sun lanƙwashe, wasu sun nannaɗe kamar busasshen ganye, wasu sun manne da juna. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, abincin kuma ƙarfe ɗaya ake jiransa.

Shekara huɗu tana sayar da abinci a bakin titi, sai yau wani kamfani ya ba ta gwaji: abincin rana na ma'aikata tamanin. In ya yi, kwangilar shekara guda ce. Sharaɗi ɗaya Manaja ya gindaya mata, kada roba ta shigo masa ofis. Shi ya nuna mata inda ake sayen cokulan sitacin masara, waɗanda in an gama ci aka jefar za su ruɓe su zama taki. Sati biyu ta yi tana jiran isowarsu. A jikin kwalin an rubuta ɓaro-ɓaro kada a sa su a tafasasshen ruwa, amma Gwaggo, ƙanwar babanta da ta zo taya ta aiki, ba kwali ne zai koya mata tsabta ba.

Gwaggo ta ce ita dai ba za ta bari bayin Allah su sa abin da ya fito daga masana'anta a baki ba tare da an tafasa shi ba. Wa ya san hannun da ya taɓa shi? Ta ƙara da cewa cokalin da ba ya iya jure ruwan zafi ai tun farko ba cokali ba ne.

Mai Girki ta ajiye ludayin. Na roba suna nan cike da buhu a ƙarƙashin tebur, ta kalle su sau biyu, ta kawar da kai.

Gwaggo ce ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta. Ƙofa-ƙofa ta bi, kuma babu gidan da ta faɗi cewa ita ce ta yi ɓarnar. Matar tela ta ba da goma sha biyu, mai kitso ta ba da tara, malamar makaranta ta fito da na baƙi masu zanen fure tana jaddada cewa ashirin ne cif. Kowane gida Gwaggo ta ɗaura wa cokulansa zare mai launi daban a wutsiya, don kada a yi rigima wajen mayarwa. Kafin sha biyu da rabi an haɗa tamanin da uku, manya da ƙanana, har da wani na shayi. A cikin tasi cokulan suka yi ta kacau-kacau duk ramin da aka faɗa.

Ɗakin cin abincin yana hawa na uku, fari tas, da dogayen tebura da wani koren kwandon shara a bakin ƙofa. Manaja dogo ne mai tabarau, ba ya dariya sai da dalili. Ya ɗauki cokali ɗaya mai jan zare, ya juya shi, ya dube ta.

"Malama, wannan ne na masarar?"

Ta shirya ƙarya tun a mota, cewa kayan ba su iso ba. Da ta buɗe baki sai gaskiya ta fito. "Ranka ya daɗe, na masarar gwaggona ta dafa su."

Ya ajiye cokalin ya tafi. Aka fara ci. Abinci kuwa ya yi daɗi, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Aka cinye kazar, aka nemi ƙari, wani mai ƙaton ciki ya share farantinsa da cokalin shayin nan ba tare da ƙorafi ba.

Sai da ɗakin ya watse ta zo tattara kaya, ta tarar da cokali bakwai kacal a kan tebura. Ta duba ƙasa, ta duba kula. Mai shara ce ta nuna mata takardar da ke manne a saman koren kwandon. Sati guda Manaja ya yi yana koya wa ma'aikatansa cewa ranar gwaji kowa ya gama ya jefa cokalinsa a nan, zai zama taki. Su kuwa mutanen kirki, masu bin doka, suka bi ta sau da ƙafa, da ƙarar ƙarfen da komai.

Ta naɗe hannun riga ta durƙusa. Tana lalube cikin ƙashin kaza da ɓawon lemo, tana ware masu furen malamar makaranta gefe guda, sai ta ga wani hannu da agogo ya shigo kwandon. Manaja ne, ya tuɓe kwat, kafaɗunsa suna rawa saboda dariyar da yake dannewa.

Sun jima suna tsinta tare. Ya ciro ɗaya mai shuɗin zare, ya goge shi da takarda, ya miƙa mata.

"Litinin ki zo ki sa hannu," ya ce. "Ki sake odar na masarar, amma a kawo su nan ofis kai tsaye. Kada su biya ta wajen Gwaggo."