Yatsu Uku Tsakanin Tebur da Tebur

Ni fa awara nake sayarwa. Shekara talatin ina jiƙa waken suya, in niƙa, in tace, a shagon da na gada wurin babana, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar hotona sai da fim ɗin nan na zane ya fito. Cikin wata biyu garinmu, wanda jirgin ƙasa mai tarago ɗaya ke leƙowa sau shida a rana, ya cika da baƙi. Samari da 'yan mata, har da masu furfura, kowa da waya a hannu, su tsaya a ƙofar shagona suna kallon labulen kamar sun ga wani abin tarihi.

Labarin fim ɗin ba shi da yawa. Wata yarinya ce 'yar aji biyar, mai ƙuraje a hannu, ba mai kula ta. In lokacin abincin rana ya yi, yara suka tura teburansu suka haɗa shida-shida kamar yadda ake yi a kowace makaranta a ƙasarmu, sai a bar ɗan fili tsakanin nata da na sauran. Ba fili mai yawa ba, don kada malami ya lura. Rannan sai 'yar mai awara, wadda ke zaune kusa da ita, ta tura teburinta har ya taɓa na yarinyar. Daga nan abota ta fara, daga nan kuma mutane ke fara jan majina.

Wadda ta yi fim ɗin Misao ce, 'yar ajinmu, da iyayenta suka bar garin da ita bayan mun gama firamare. Ta zana shagonmu yadda yake, har da fasasshen tayal ɗin bakin ƙofa. 'Yar mai awarar kuma ta sa mata tawadar Allah irin wadda ke ƙarƙashin idona na hagu. To wa zai yi musu? Kowa ya ce ni ce.

Ni ce kam na zauna kusa da Misao shekara guda cur. Kuma ni ce nake jan teburina baya kullum, faɗin yatsu uku. Ba wanda ya sa ni. Ni ma na fara cewa ƙurajen nata ana ɗauka, alhali na ji da kunnena malama ta ce ba a ɗauka.

Baƙo na farko da ya tambaye ni ko ni ce, murmushi kawai na yi na miƙa masa awararsa. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, kuma da wannan nake ta kare kaina daga baya, wai ai ban yi ƙarya ba. Kafin a ce me, ofishin gari ya buga taswira da shagona a tsakiya. Shigeo, mijina, wanda ba ɗan garin ba ne, aure ya kawo shi, ya je birni ya kalli fim ɗin sau huɗu. Kullum sai ya dawo da jajayen idanu yana kirana tauraruwa, yana cewa shekara ashirin da shida yana zaune da mutuniyar kirki bai sani ba, shi dai masifa kawai ya gani. Nakan ce ya je ya wanke tukunya ya bar ni da surutu. Ya ɗauka kawaici ne.

Shi ya ajiye littafi a kan benci don baƙi su riƙa rubutu. Na hana kaina karantawa, amma in ciniki ya lafa sai in tsinci kaina ina buɗewa. Wani ya rubuta cewa shekara biyu a bayan gida yake cin abincinsa a makaranta. Wata ta ce a ofishinsu har yau ba mai kiranta in za a fita cin abinci, kuma ta kalli fim ɗin sau tara. Wani dattijo ya ce tun da matarsa ta rasu bai yi kuka ba sai a silima. Kowa ya ƙare da godiya gare ni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, littafi uku suka cika, kuma duk wanda ya rubuta shi ne yarinyar da aka ware. Ko mutum ɗaya bai ce shi ne mai jan tebur ba. To su wa suka ja teburan duk ƙasar nan? Ni kaɗai?

Sai ga Kuramochi na ofishin gari, da faifayin takardu da fara'a har kunne. Wai za a nuna fim ɗin a zauren tsohuwar makarantarmu, Misao ta amsa za ta zo. Sun tono tsofaffin tebura biyu daga sito, za a ɗora su a kan dandamali da ɗan fili a tsakani, mu zauna, in tura nawa, a ɗauki hoto. Ya ce dabararsa ce, yana jira in yaba. Ji na yi kamar in kwara masa ruwan awara. Na sunkuya na ce na gode da wannan girmamawa.

Kwana goma suka rage, ni kuma ban taɓa kallon fim ɗin ba. Na ce wa Shigeo zan je wurin likitan haƙori, na hau jirgi zuwa birni, na rufe fuska da takunkumi, na zauna can baya. Na shiga da niyyar in ga inda ta caka mini magana. Babu. Ta zana yadda hasken rana ke faɗowa ta tsakanin teburan ya yi siririn layi a ƙasa, yarinyar tana kallon layin tana tauna a hankali. Ta zana yadda take naɗe hannuwanta a jikinta, gwiwar hannu a matse, tana jawo tirenta can gefe don kada ta taɓa na kowa. Na san wannan zaman. Shekara guda ina ganinsa ta wutsiyar ido. Da 'yar mai awara ta tura teburin, aka ɗauke kiɗa gaba ɗaya, ba ka jin komai sai ƙarar katako ya taɓa katako. Silimar ta yi tsit, sai shessheƙa ta ko'ina. Ni ma na yi kuka, matar da ke kusa da ni ta miƙo mini hankici. Na karɓa, kuma kunyar wannan karɓar ta fi komai ci na, don ta ɗauka ni ma irinsu ce.

Na dawo gida da shawara ɗaya: Misao ta haɗa mini tarko ne. Za ta bari a tara mutum ɗari uku, sannan ta karɓi makirufo ta faɗi gaskiya. Na ce in ta yi haka ta yi daidai. Amma na yi ta tunanin fuskar Shigeo, da littattafan nan uku.

Ranar taron, da hantsi, ina yanka awara a cikin ruwa, wata mata ta ɗaga labule. Misao ce, gajeriya, gashi ya yi fari, da tabarau. Hannuwanta na fara kallo, kai, har yanzu halin nan bai bar ni ba. Sun warke sumul.

"Hatsue-chan," ta ce, yadda ake kirana muna yara. "Tayal ɗin nan har yanzu ba ku gyara ba."

Na ce ta shigo, na kawo shayi, na yi ta zuba kamar rediyo a kan jirgi da sanyi da tsadar wake. Ta saurara, ta tambayi babana, na ce ya rasu. Ta ce kullum in ta zo saye yakan ƙara mata soyayyiya ɗaya. Ban san da wannan ba. Da maganar ta ƙare mini, sai na tambaye ta kai tsaye, da muryar faɗa ma, don ni in tsoro ya kama ni faɗa nake yi, me ya sa ta zana ni haka bayan ta san abin da na yi.

Ta ce ta sani mana. Yatsu uku ne, tana aunawa da abin goge fensir, yakan faɗa ta tsakani daidai. Amma akwai wata rana ɗaya, wata Talata a watan goma sha ɗaya, ranar shinkafa da miyar kori. Ranar teburina ya taɓa nata tun daga farkon cin abinci har ƙarshe. Ta ce a kan ranar nan ta gina fim ɗin duka.

Na tuna ranar. Da ma a ce na manta. Ina can ina ba wa 'yan mata labarin wani wasa na talabijin, na tura teburi ban duba ba. Da aka gama, Misao ta ɗauki kwalaben madara ta fita da su, sai sauran suka fara yi mini tsiya, wai na kwashi ƙuraje. Na ɗauko tsumma na jiƙa, na goge gefen teburina sau uku, ina yatsina fuska, ana ta dariya.

Da na yi shiru, shi ke nan, a tashi lafiya. Ga ta zaune tana riƙe da kofi da hannu biyu, ga ranarta guda ɗaya da ta adana shekara arba'in. In na faɗa na ƙwace mata, in na yi shiru na hau dandamali da ƙarya. Duk da haka na faɗa.

"Misao-san," na ce cikin girmamawa, "mantuwa na yi. Ba da niyya na tura ba. Kuma da kika fita, na goge teburin da tsumma."

Ta ajiye kofin.

"Na gani," ta ce. "Ta tagar baranda. Sau uku."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tambaye ta to don me, don me ta bar mutane suna zuwa suna gode mini.

"Aikinmu ke nan mu masu fim, sanin inda za a yanke," ta ce. "Na yanke kafin tsumman. Ina so in ga abin da zai faru in da an tsaya a nan. Ba don ke na yi ba, Hatsue-chan, kada ki ɗora wa kanki. Ni nake bukatar ganinsa."

Na sunkuya har goshina ya kusa taɓa tebur, na ba ta haƙuri, haƙurin da ya makara ya kuma yi kaɗan. Ta ce in ɗago, ya wuce. Na ce zan faɗa wa mutane a wurin taron. Ta ce a'a, wanda ke cin abinci a bayan gida bai zo daga nesa don ya ji wannan ba. In lallai sai na faɗa wa wani, in faɗa wa mijina. Ta sayi awara biyu, ta ƙi yarda in ba ta kyauta, ta tafi.

Na faɗa wa Shigeo a bayan shago, yana wanke tukunya. Ya ci gaba da wankewa har tukunyar ta fi ƙarfin tsabta, sannan ya ce in je in sauya kaya, za mu makara. Bai sake kirana tauraruwa ba, kuma ban san zan yi kewar sunan ba sai da ya daina.

Zauren ya cika har baranda. Aka nuna fim, aka sha kuka, aka kunna fitilu. Kuramochi ya kira mu, muka hau, muka zauna a kan 'yan kujerun yara, gwiwoyina suna gogar ƙarƙashin teburin. Don a ƙawata abin har tire suka ajiye mana, da kwano da kwalbar madara. Filin da ya bari a tsakani ya kai taƙi guda, shi bai san yatsu uku ba ne. Misao ta dube ni ta yi murmushi na gaskiya, ba ƙulli a ciki, ta gyaɗa kai. Na ji zuciyata ta ɗan sauka. Na ce to, ta yafe, ta warke, ta zama babbar mace, ni kaɗai ce ke ta dakon abin.

Na dafa teburin da hannu biyu na tura. Katako ya taɓa katako, zauren ya ɓarke da tafi, wayoyi suna ta walƙiya.

Misao tana kallon jama'a tana murmushi, ba ta ma san ta yi ba. Ni da ke gefenta na gani. Teburina na taɓa nata, sai gwiwar hannunta ta matse a jikinta, yatsunta suka kama bakin tiren suka jawo shi can gefe, nesa da nawa. Mace mai shekara hamsin da ɗaya, da hannuwa lafiya lau.

Ni na koya mata wannan. Kuramochi yana ta ɗaga mini hannu wai in kalli kyamara in yi murmushi, na kuwa yi.