Sukari da Tsinke

Tun ranar Litinin aka hana Dakta shiga ɗakin da ake haɗa maganin da ita ta ƙirƙiro. Ita ta kafa dokar da kanta. Ɗakin yana saman bene a tsohon ginin kamfanin, can ƙarshen gari, kuma shi kaɗai ya rage wanda maganin bai taɓa shiga ba. Idan wannan haɗin ya lalace kamar na baya, kamfanin zai rufe aikin.

Dakta masaniyar haɗa sinadarai ce. Ta haura shekara goma tana bin abu ɗaya, wani furotin na cikin ƙwayoyin jiki da ake kira kinas. Shi ke ba ƙwaya umarnin ta rabu biyu. Idan ya lalace sai ya ƙi yin shiru, ƙwayoyi su yi ta rabuwa har su zama sankara. Aikinta shi ne ta ƙera abin da zai shiga wani ɗan rami a jikin furotin ɗin ya toshe shi, ba tare da ya taɓa 'yan'uwansa masu lafiya ba. Ta haɗa ɗaruruwa ta zubar. Na ƙarshen ne ya yi, ma'aikata suka sa masa suna Auta.

Idan ruwan haɗi ya huce, Auta yakan fito ƙwayoyi masu kusurwa kamar sukari. A haka yana narkewa a ciki, ya shiga jini. Ɓerayen da aka ba shi, ƙarin da ke jikinsu ya motse. Har an fara shirin gwada shi a kan mutane.

Wata safiya abokin aikinta, wanda kowa ke kira Mai Gemu, ya ɗaga kwalba ya kira ta.

"Dakta, zo ki ga ɗanki. Yau ya canza kaya."

A gindin kwalbar babu sukari. Wasu sirara ne dogaye kamar tsinken sakace. Na'urori suka tabbatar Auta ne, ba abin da ya ƙaru, ba abin da ya ragu. Tsarin zaman ƙwayoyin kawai ya canza. Amma a wannan tsarin ba ya narkewa. Ɓera ya haɗiye shi, ya fita yadda ya shiga.

Suka sake haɗawa, Tsinke ya fito. Suka canza ruwan narkarwa, suka canza zafi, Tsinke dai. Masu sana'ar sun san wannan matsalar. Ƙwaya ɗaya da ido ba ya gani, a iska ko a hannun riga ko a gashi, idan ta faɗa kwalba sai sauran duk su bi tsarinta. Suna ce mata iri. Ɗakin da iri ya shiga, da wuya ya sake ba da tsohon tsari.

Aka wanke bango da rufi. Aka zubar da kwalabe da fararen riguna. Dakta ta dubi Mai Gemu, ta daɗe tana duban gemunsa.

"A'a, Dakta. Ki dubi wani wuri."

"Ban ce komai ba."

"Idonki ya ce. Matata ba ta taɓa ganin haɓata ba. Idan ta gani ta ce ba ni ba ne, ke za ki je ki yi bayani?"

Washegari ya zo da haɓa fes. Haɗin ranar ma Tsinke ya fito. Sunan dai bai bar shi ba.

Aka ba su ɗaki na biyu a wani hawan. Suka yi wanka, suka sa sabbin kaya, suka shiga. Haɗin farko ya fito Sukari. Dakta ta yi abin da aka koya mata tun tana ɗaliba, wato kada ka yarda da sabon abu sai ka ajiye shi gefen tsoho ka kwatanta. Ta ɗauko ƙaramar kwalbar Tsinke, ta buɗe ta kusa da madubin duba ƙananan abubuwa. Tana mayar da murfin ta gane abin da ta yi. Haɗi na gaba ya fito Tsinke.

Shugaban sashen ya kira ta ofis. Bai ɗaga murya ba.

"Akwai wasu ayyukan da ke jiran hannunki. Ki bar wannan ya huta."

"Akwai ɗaki a tsohon gini."

"Ki je ki ɓata shi ma?"

"Ba zan shiga ba. Duk wanda ya taɓa Auta ba zai shiga ba. Ko takarda daga nan ba za ta je ba."

"To wa zai haɗa? Aljanu?"

"Malamina."

Shugaban ya juya biro a hannunsa. Ya ce sau ɗaya ne, kuma kada ta dawo masa da wata dabara bayan wannan.

Malam tsohon malaminta ne na jami'a. Ya yi ritaya, yana kiwon tattabaru a bayan gida. Ba ta je wurinsa ba, don kada ta kai masa iri. Daga kicin ɗinta ta buga masa waya, mijinta yana yanka albasa a gefe.

"'Yar nan, hannuna rawa yake yi. Shayi ma rabi nake zubarwa."

"Malam, da rawar ma ya fi na mutane da yawa."

"Daɗin baki ba ya cikin abin da na koya miki. Wa ya ce ki buɗe kwalba a ɗaki mai tsabta?"

"Kai ka ce a riƙa kwatantawa."

"Na ce a kwatanta. Ban ce a bar hankali a gida ba." Ya yi tari. "Karanto matakan. A hankali, ina rubutawa."

Da ta ajiye wayar, mijinta ya ce, "To mu fa, Maman yara? Mu ma a wanke mu? Na ga kin jefar da labulen falo."

"Motarka nake tunani. Na shige ta da kayan aiki."

"Ki bar min motata. Ta ishe ni da nata ciwon."

"Na bar ta. Amma ba za ta ɗauko Malam ba, tasi zai hau."

Sabbin kwalabe da sinadarai suka tafi tsohon ginin kai tsaye daga wurin masu sayarwa. Malam ya shiga da fararen kaya sababbi. Dakta ta tsaya a ƙetaren titi, gaban shagon wani mai faci, daidai inda ake hango tagar. Waya a kunne, ido a sama. Mai facin ya gaji da ganinta a tsaye, ya tura mata benci da ƙafa.

Haka suka yi Litinin da Talata. Malam yana faɗar launi da zafi, ita tana cewa ƙara ko dakata. Sun yi faɗa a kan saurin ɗiga wani ruwa.

"Ke ce malamar ko ni?"

"A kan Auta, ni ce, ranka ya daɗe."

Ya yi tsaki, ya rage saurin.

Ranar Laraba ruwan haɗin ya huce. Malam ya ɗaga kwalbar a taga. Ruwa ne garau mai ruwan ɗorawa, babu komai a gindinsa. Suka jira har rana ta karkata. Ba Sukari, ba Tsinke.

"Ɗakin nan ya yi tsabta da yawa," in ji Malam. "Auta ba shi da abin da zai kama. Ba ki da ragowar Sukari na da? Aiko min ƙwaya ɗaya in jefa, kafin in shanye shayina ya fito."

Tana da shi. Ƙaramar kwalba ce daga haɗin farko, a rufe da kakin zuma. Ƙwaya ɗaya daga ciki za ta iya jan ruwan duka zuwa Sukari. Amma kwalbar ta zauna a firjin tsohon ɗakinta duk tsawon lokacin Tsinke. Cikin kwalbar mai yiwuwa lafiya lau. Bayanta ne ba wanda zai rantse a kai.

"A'a, Malam."

"Idan ya ƙi fitowa fa? Ruwan nan ba zai jira ki har abada ba, lalacewa zai yi. Shugabanki kuma ba zai ce tsabta ce ta hana ba."

"Na sani. Ba abin da zai shiga ɗakin nan daga wurina. Ka karce shi."

"Karce? Yanzu da na'urorinku duka, kin dawo kan karce?"

"Akwai sabon sandan gilashi a kwali na ƙasa."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Taurin kanki bai canza tsari ba."

Karce tsohuwar dabara ce. Ana goga sandan gilashi a cikin kwalba, ƙasan ruwa, ɗan kaushin da aka yi ya ba ƙwayar farko wurin zama. Wane tsari za ta ɗauka, ba mai karcen ke zaɓa ba.

Ta ji ƙarar ta cikin waya, siririya, mai sa haƙora tsami. Ƙarar ta tsaya, ta dawo. Wata babbar mota ta wuce ta tare tagar. Da ta wuce, Malam yana riƙe da kwalbar da hannu biyu. Wani farin gajimare ya tashi daga inda ya karce.

"Ya fara," in ji shi.

"Wanne ne?"

"Ƙura ce tukuna. Ko madubi ba zai gaya miki ba. A bar shi ya girma."

Ya rufe kwalbar, ya kulle ɗakin, ya sa mabuɗin a aljihunsa. Da ya fito ƙofar ginin ya ɗaga mata hannu daga nesa. Ba ta ƙetara ba. Ta mayar wa mai faci bencinsa, ta ce gobe ma za ta ara.

Ranar Alhamis za a ɗebi ƙwayoyin a duba. Shugaban sashen ya sa taron yanke hukunci ranar Juma'a da safe.