Lambar La'asar

Tabawa ce ta fara kai wa baƙin nan fura, kuma ba ta nemi iznin kowa ba. Gwauruwa ce mai sayar da kuka da daddawa a wani ƙauye na Damargu, yamma da Tanut, bakinta kuwa ko Maigari Manzo yana shakkarsa, domin ƙanin marigayi mijinta ne, ta san shi tun yana yawo ba wando.

Baƙin daga Abzin suka gangaro, a shekarun da suka biyo bayan yaƙin da ya cinye musu raƙuma da maza. Suka kafa 'yan bukkokin tabarma bayan rijiya, da awaki ƙalilan waɗanda haƙarƙarinsu ke ƙirguwa. A cikinsu akwai Raishatu, matashiya mai guntuwar Hausa ta kasuwa, da ɗiyarta Nana wadda ba ta daɗe da yaye ba. Yarinyar nan ta shiga ran Tabawa ƙwarai. Da ta hango ta sai ta sheƙo da gudu ta cusa hannu a ƙwaryar daddawa, Tabawa ta yi ta faɗan ƙarya tana ƙara mata.

Da bazara aka ji agana ta ɓulla wajen Tarka. Ba a jima ba sanƙira ya zaga gari yana shela cewa mai lamba, wato mai tsagar rigakafin agana, na tafe daga Damagaram, kowa ya fito da iyalinsa. Tabawa ta yafa zane ta nufi zauren Maigari.

"Ranka ya daɗe, mutanen bayan rijiya fa?"

"Ba mutanena ba ne, Tabawa. Yau suna nan, gobe iska ta kwashe su."

"Agana za ta tsaya tambayar mutanen wa? Ruwa ɗaya muke sha da su, guga ɗaya. In ta kwantar da su, wallahi sai ta leƙo zauren nan."

Ta yi ta yi har Maigari ya gaji, ya ce to su zo, amma yadda ake yi a rijiya haka za a yi. Tsarin rijiya kowa ya san shi: gidan Maigari ya sha, masu unguwa su sha, talakawan gari da dabbobinsu su sha, sannan baƙo ya zura gugansa. Ba wanda ya taɓa ganin aibin wannan, ita kanta Tabawa ba ta gani ba. Ta fita tana murna kamar an ba ta saniya.

Shawo kan Raishatu ya fi wuya. Mutanenta sun taɓa ganin abin da ke biyo baya in ma'aikatan Nasara suka ce a jeru, saboda haka yawancinsu suka kora awaki daji tun asuba. Tabawa ta dafa ƙirji ta ce, "Ɗiyata, ni na tsaya miki. In aka yi mata, ta tsira." Raishatu ta dube ta ta dube ta, sannan ta goya Nana ta biyo ta.

Mai lambar sunansa Sani, Badamagare ne siriri. Ya zauna ƙarƙashin gawo da aska da wasu 'yan kwalabe naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ya tsaga wa gidan Maigari tun da sanyin safiya. Rana ta ɗaga, jerin bai ragu ba, har da masu komawa gida su ɗauko kakar da suka manta. Tsumman ya bushe aka jiƙa, ya sake bushewa. Raishatu na can ƙarshe a cikin rana, domin inuwar ma 'yan gari sun cika ta. Sai bayan la'asar aka zo kanta. Sani ya ɗaga kwalbar ya dube ta, ya girgiza kai, ya tsaga dantsen Nana ya shafa.

Yana ɗaure kaya Tabawa ta tambaye shi dalilin girgiza kan.

"Inna, ruwan nan ba ya son zafi. Da na san akwai ƙananan yara a baya, da su zan fara. Ki duba hannunta. In ya kumbura ya yi ruwa, lambar ta kama. In ya warke sumul, kamar ba a yi ba ne."

Bayan 'yan kwanaki gari ya cika da kukan yara, kowane dantse ya kumbura, iyaye mata suna tsine wa Sani. Tabawa ta ɗauki fura ta tafi bayan rijiya. Raishatu ta tarye ta da dariya, karo na farko da Tabawa ta ga haƙoranta, ta ɗaga hannun Nana.

"Inna, duba! Na garinku duka ciwo. Tawa lafiya, ko zazzaɓi babu. Allah ya so ta."

Fatar ta haɗe sumul. Tabawa ta zauna a ƙasa. Ta faɗa mata gaskiya, ba ta rage komai ba. Raishatu ta kasa ganewa. Yaya za a ce mai ciwo shi ne ya tsira, mai lafiya kuma shi ke cikin haɗari? Ta ce, "Ke kika ce in an yi, ta tsira." Sannan ta nuna bukkar maƙwabciyarta, inda wata mata ke kwance da zazzaɓi tun shekaranjiya. Saboda Nana na da lamba, ita ake aikawa ta kai ruwa ciki.

Tabawa ta koma wurin Maigari ta roƙi jaki ta bi Sani da yarinyar. Wannan karon bai yi gardama ba, ya ba ta. Ta kai har Belbeji aka ce mata ruwan lambar ya ƙare, mai shi ya juya Damagaram, sai kuma baɗi. A hanyar dawowa ta ji bayanta ya ɗau zafi, jikin Nana ne.

Da ƙurajen suka fito, Maigari ya sa aka ja ƙaya tsakanin gari da bukkoki, aka hana baƙin rijiya sai dai a ajiye musu tulu a bakin ƙayar. Tabawa ta tsallaka ta zauna can. Ita ke ɗiga wa Nana ruwa a baki, ita ke kore ƙuda, tana kiranta ɓarauniyar daddawa ko za ta yi murmushi. Yarinyar ta cika da hantsi, ran wata Laraba. A cikin gari ko yaro ɗaya bai kwanta ba.

Tabawa ta yi mata wanka, ta yage farin zanenta ta naɗe ta. Da mazan suka ɗauke ta, Raishatu ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana kallon tabarmar da Nana ta kwanta a kai, can ta ce, "Inna, in tambaye ki. Da da safe aka yi mata fa?"

Tabawa ta san abin da ake faɗa a irin wannan wuri, cewa kwana ne ya ƙare, kuma ta sha faɗa wa wasu haka. Wannan karon ba ta faɗa ba. Hawaye ya zubo mata.

Ta ce, "Da lambar ta kama, ɗiyata."