Tamfol a kan motar Bassu

Ranar da Itto ta fita takaba, ta cire fararen kaya ta ninke, ta sa baƙin mayafinta na da, ta zauna a tsakar gida. An ce za ta ji sauƙi. Ba ta ji komai ba, sai dai mayafin yana warin akwati.

Ƙanenta Addi ya zo daga Gulmima bayan la'asar. Gyaran wutar mota yake yi, kuma mutum ne da bakinsa ba ya hutawa ko a gidan makoki. Ya sha shayi kofi biyu, ya yi mata tsiyar ta rame kamar akuyar rani, sannan idonsa ya kai bayan gida, ya ajiye kofin.

"Yaya, me ke ƙarƙashin wancan tamfol ɗin?"

"Motar Bassu mana."

Motar irin mai ɗaki ce, da gado da murhu da ɗan firji. Mijinta Bassu ya saye ta a hannun wani tsohon Bature, yana kai baƙi yawon sahara da ita. Batir biyu gare ta, ɗaya na inji, ɗaya na ɗaki, wanda farantin sola da ke kan rufi yake cika shi. Bassu ya fi lallaɓa batirin ɗakin nan fiye da yadda yake lallaɓa gwiwarsa mai ciwo. Kullum sai ya leƙa mita, kuma in wutar ta yi rabi, ko rediyo ba mai kunnawa.

Da dalili. Bara gobara ta ci gefen gonar dabinonsu, ta cinye namijin dabinon da mahaifin Bassu ya shuka, wanda ake barbaɗa garin furensa a kan matan dabino kowace shekara don su yi 'ya'ya. Abin da ya rage na wannan itace kwalba ɗaya ce ta gari, kuma sai da sanyi yake kai shekara. Wutar ƙauye ba abin dogaro ba ce, shi ya sa Bassu ya ajiye kwalbar a firjin mota. Ko a asibiti, da numfashi yana yi masa gardama, abin da ya ce mata ke nan: ta kula masa da kwalbar.

"Yaushe kika rufe ta?" in ji Addi.

"Washegarin sadakar uku. Rana tana dukanta tun safe har yamma. Na ce kada zafi ya shiga ciki."

Addi ya buɗe baki, ya sake rufewa. Tun da aka haife shi ba ta taɓa ganin ya yi haka ba.

Suka kwance igiyoyi tare. Ɗaurin ya yi kyau, sai da ya sa haƙori a wani ƙullin. Da tamfol ya zame, farantin sola ya fito fes, ko ƙura babu. Addi ya buɗe ƙofa, zafi ya bugo su kamar na bakin tanda. Ya durƙusa ya ɗaga murfin da ke ƙarƙashin kujera. Batirin ya kumbura, cikinsa ya turo gefe da gefe. Ya ɗora mitarsa duk da haka, ya daɗe yana kallo.

"Sha biyu da wani abu ya kamata ya nuna. Uku yake nunawa. Firji ya zuƙe shi har ƙasa, ba ranar da za ta mayar masa, sannan zafin rani ya ƙarasa shi. Wannan ko an yi masa caji kwana bakwai ba zai tashi ba."

"To, buɗe firjin."

"Yaya, bari gobe."

"Buɗe."

Ya buɗe, ya ciro kwalbar. Garin da ta sani ruwan ɗorawa ne, mai laushi. Yanzu ya dunƙule a gindin kwalba, ya yi toka-toka da fumfuna. Ta karɓa, ta juya kwalbar, ba abin da ya motsa a ciki.

"Ana samun fure a kasuwar Lahadi idan lokaci ya yi," in ji Addi. "Dabino bai san uban wani ba. Zan kawo miki da kaina."

"Na sani."

"Kuma ba laifinki ba ne. Shi ma marigayin, Allah ya jiƙansa, ya riƙe sirrin batir kamar na gwamnati."

Itto ta ajiye kwalbar a kan gadon motar. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba, har ta ɗan ji kunyar ƙanenta.

"Kwana nawa firjin ya yi yana aiki bayan na rufe?"

"Uku. In ya yi ƙoƙari, huɗu."

Ta gyaɗa kai. Wata huɗu ke nan, kowace safiya bayan sallah tana zagaya motar, tana jan igiyoyi, tana toshe duk inda ta ga haske zai shiga. Duk tsawon takabar, shi ne kaɗai aikin da take tashi dominsa.

"Gobe da safe ban san me zan yi ba," ta ce.

Addi ya ciro batirin ya ajiye a ƙasa, ya fara ninke tamfol ɗin.